Kurakuran da masu kamfanin aikin hannu ke yi wajen lissafin abin da suka kashe

Mai sayar da shinkafa ya san sarinsa, buhu kaza ya shigo, kaza ya fita. Mai kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Yamai kuwa ba shi da buhun ƙirgawa. Hajarsa ita ce hannun yaransa da lokacinsu, kuma a nan aka fi tafka kuskure.

A ce an kira ka gyara a unguwar Yantala, ka karɓi jaka 40, wato sefa 40,000. Ka cire kuɗin gas da bututun tagulla, ka ce saura riba ce. Ina yinin ma'aikata biyu da suka sha ranar Afrilu a saman soro? Ina man babur, ina kason da kake zuba musu a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata? Duk waɗannan aikin ne ya ci su. Hayar shago, takardar wutar NIGELEC da albashin sakatariya kuma daban suke, domin ko an yi aiki ko ba a yi ba sai an biya. Tsarin SYSCOHADA, wato ƙa'idar da kamfanoni ke bi wajen rubuta lissafinsu, wanda aka yi wa gyaran da ya fara aiki a 2018, yana jera abin da aka kashe a aji na 6 bisa irinsa: sayayya a asusu na 60, albashi a na 66. Ba zai faɗa maka nawa aikin Yantala ya ci ba. Sai ka buɗe naka littafin, kowane aiki da shafinsa: awa nawa, mutum nawa, kaya nawa. Wallahi na fi damuwa da wannan fiye da sauran, don mutum yakan yi bazara guda yana gumi, bai san wasu ayyukan faɗuwa yake yi a kansu ba.

Sai sayen babban kaya. Ka sayi babur jaka 600, ka zuba shi duka a lissafin wata ɗaya, sai watan ya fito da hasarar da babu ita. Babur dukiyar kamfani ce, aji na 2 ne mazauninsa. In shekara 4 zai yi maka aiki, jaka 150 ce rabon kowace shekara, wato 12,500 a wata, kwantabul ya sa ta a asusu na 68.

TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashi, ita ma tana ruɗin mutane. In kamfaninka yana karɓarta, ka rubuta takardar 119,000, to 19,000 amanar gwamnati ce a hannunka, kashi 19 cikin ɗari na 100,000 ɗin aikinka. Ware ta tun ranar da aka biya, kada lokacin kai wa DGI, hukumar haraji, ya zo ka shiga neman rance.

Kuɗin cefane da gudummawar biki, don Allah kada su shiga littafin kamfani. Yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a wata, a rubuta shi da sunanka.

Shekarar lissafi tana rufewa ranar 31 ga Disamba. Wutar da ka sha a Disamba ta wannan shekarar ce, ko da takardarta sai Janairu ta iso. Haka hayar wata shida da ka biya a Oktoba: wata uku na bana ne, ukun da suka rage a tura su baɗi.