Kurakuran da ke kashe haidurolik ɗin katafila

Na gaji da ganin abu ɗaya. Da zarar katafila ta rage ƙarfi, hannunta ya soma nawa wajen ɗaga kaya, sai yaro ya ɗauki sufana ya hau ɗaure bawul ɗin rilif. Ka sa geji, agogon auna matsin mai? Ba ka sa ba. Wannan bawul aikinsa ya mayar da mai tanki idan matsi ya wuce iyaka. Manyan eskabeta, wato motocin haƙa, na aiki da matsin da ya kai wajen bar 300 zuwa 350 a geji, kai kuma ka zo kana ƙarawa da ka!

An taɓa yi mini haka a wata loda, motar loda kaya, ba na nan. Kafin yamma tiyo ya fashe, sil ɗin silinda, robar da ke hana mai yoyo, ya tafi, aiki ya tsaya cik, mai kwangila sai kira yake. Da muka buɗe tanki, ashe rariyar da famfo ke tsotsar mai ta cikinta ce ta toshe. Famfon ya daɗe yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ba wanda ya saurara.

Ku riƙe wannan: famfo mai kawai yake turawa, matsi kuwa yana taruwa ne idan man ya tarar da nauyi. In yana zurarewa ta cikin silinda ko bawul, geji zai nuna ƙasa alhali famfo lafiya lau. Ni ba na aunawa sai zafin mai ya kai wajen digiri 50 na Salsiyos, domin mai sanyi kauri gare shi, yana rufa wa cinyayyen famfo asiri.

Sai datti. Haba jama'a, mazurari a yashe cikin ƙura, a goge shi da tsumma a zuba mai? Dattin da ke cin famfo ido ba ya ganinsa. Ko sabon duro ne, sai na tace. Famfo kuma in ya mutu, ka wanke tanki da layuka ka canja filta, in ba haka ba ɓarɓashin ƙarfen tsohon zai cinye sabon.

Mai ya koma kamar madara, ruwa ne ya shiga. Kumfa, iska yake ja, duba ɓangaren tsotso. In littafin injin ya ce VG 46, wato lambar kaurin man, kada ka cika da abin da ka samu.

Kuma don Allah kada ka laluba yoyo da hannu. Sa kwali. Man yana huda fata, kuma ko ramin bai kai kan allura ba, asibiti za ka nufa nan take.