Yadda Ake Zama Ɗan Wasan Daɓe a Landan ta 1600

Fara tun kana yaro, kafin muryarka ta buɗe. Nemi maigida cikin manyan 'yan wasa, ya ci da kai, ya koya maka fitowa a mace, domin mata ba su hau dandali ba sai 1660. Da ka girma, ka zama ɗan haya, ana biyanka mako-mako. Dage da hadda: layukanka kaɗai za a ba ka, wasa kuma kan canza kusan kullum.

Shawarata, tara kuɗi ka sayi hannun jari a ƙungiyar 'yan wasan da kake wa aiki, kamar shahararren ɗan wasa Richard Burbage na gidan wasan Globe. Nan arzikin yake. Kada ka fita daga inuwar basaraken da ke ɗaure wa ƙungiyarku gindi, don dokar 1572 ta ɗauki ɗan wasa marar ubangida a matsayin ɗan gararamba. In annoba ta rufe gidajen wasa, ku bi garuruwa kuna wasa.