Yadda ake zuwa hutu bakin dam daga Katsina ko Daura

Duk salla, ko hutun ƙarshen shekara, sai ka ga samari sun cika mota ɗaya, an jefa kula a but, wai za a je bakin ruwa shan iska. Ba za su tashi ba sai bayan azahar. Su isa rana ta karkata, ba su san kowa a garin ba, ba su da wurin kwana, kuma abu na farko da za su yi shi ne su ɗunguma cikin kwalekwalen da suka fara cin karo da shi. Masu sa'a su dawo da gajiya da cizon sauro. Tafiyar ba ta da wuya, amma tana da tsari, kuma tun daga gida ake fara shi.

Da farko zaɓi ruwan da za ka. Abin da muke da shi a nan madatsun ruwa ne. Mutumin Daura yana da Sabke da Daberam a kusa da shi. Mutumin Katsina yana da Ajiwa a ƙasar Batagarawa, wanda birnin ya daɗe yana shan ruwansa. Akwai Zobe kusa da Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa, da aka kammala a 1983, sai na Jibiya a kan kogin Gada. Mai son ruwa mai faɗi da duwatsu a gefe sai ya nufi Tiga a jihar Kano, aikin zamanin Audu Bako da aka gama a 1974. A tsallaken iyaka kuma akwai tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, wanda mutanen wurin ke cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da shi. Wannan sai da katin shaida da sefa a aljihu, da tambayar halin da iyaka ke ciki a makon da za ka.

Zobe ya fi su kyau a idona, amma kyau ba shi ne abin dubawa na farko ba. Zobe da Jibiya suna ɓangaren yamma ne, wajen da matsalar 'yan bindiga ta addabi jama'a shekara da shekaru. Ƙa'idata ita ce: in ba wanda ya kwana a garin jiya ne ya ce maka hanya lafiya ba, kada ka je. Labarin da ka ji wata guda da ya wuce ya tsufa. Ga mai zuwa karon farko, musamman da iyali, ɓangaren Daura ya fi kwanciyar hankali.

Lokaci kuwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Damina ta ɗauke, dam ya cika, hanyar burji ta bushe. Ni Nuwamba nake zaɓa, kafin hazo ya rufe ko'ina har ka kasa hango ɗaya gaɓar. Da bazara ruwa ya ja baya, sai ka taka taɓo mai nisa kafin ka kai gare shi, ga zafi da ke haura digiri 40. Da damina hadari na iya tasowa kana tsakiyar ruwa. Ranar salla da kashegarinta ka bar wa masu ita. Tsakiyar mako ake samun shirun da aka je nema.

Mataki na gaba shi ne samun mutum a wurin, domin da ɗan gari akan ci gari. Hanya mafi sauƙi ba ta intanet ba ce. Je wurin mai kifin da kake saye a kasuwa, ka tambaye shi daga wane ruwa ake kawo masa. Ya san masunta da sunansu, yana da lambarsu, kuma duk wanda ya haɗa ka da shi zai riƙe ka da mutunci saboda cinikin da ke tsakaninsu. Idan ka isa, kafin ka sauke kaya, ka sa ya kai ka ka gaida mai unguwa ko magaji, sannan sarkin ruwa in akwai. Ka durƙusa yadda aka saba, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga birni, mun zo ganin ruwa, da yamma za mu koma." Ɗan goro ya isa. Wannan gaisuwa ta minti goma ita ke hana a yi maka kallon ɗan leƙen asiri, a zamanin da baƙuwar mota a ƙauye ke tayar da hankali. Haka ma ma'aikatan dam: kada ka hau kan bangon madatsa ko ka ɗauki hoton wurin injina sai da izininsu.

Batun masauki gajere ne. Yawancin waɗannan madatsu an gina su don ruwan sha da noman rani, ba don baƙi ba, saboda haka kada ka sa ran ɗaki a bakin ruwa. Ka kwana cikin gari, Daura ko Katsina ko Dutsin-Ma, ka yi sammako bayan asuba. Dutsin-Ma ta ƙara samun wuraren saukar baƙi tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011. Kada ka biya sai ka ga ɗakin da idonka: ka murɗa famfo, ka duba ragar taga, ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto ko sola ce. Gidan sauro ka zo da naka. Masu sha'awar kafa tanti a bakin ruwa kamar yadda suke gani a waya, su haƙura. Sauro da macizai ma kaɗai sun isa dalili, balle halin da dare ke ciki yanzu. Kuɗin ɗaki ma ba shi ke cin aljihu ba, mai ne, don haka ku haɗu huɗu a mota ɗaya ku raba. Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, saboda sabis na yawan ɗaukewa kuma masunci ba ya jiran alat.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna, wato kwalekwale.

A ƙarshen Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano, sama da mutum ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayu na 2022, cikin bukukuwan ƙaramar salla, wani ya kife a yankin Mai'aduwa, nan kusa da Daura, aka rasa yara da dama. Allah ya jiƙansu. A irin waɗannan haɗurra abin da ake yawan samu shi ne lodi fiye da kima, kuma ba wanda ke sanye da rigar kariya. Mai jirgi kowane kai kuɗi ne a wurinsa, kuma ranar da baƙi suka zo ita ce kasuwarsa. In ka bar shi ya ƙidaya mutane, zai ƙidaya har sai ruwa ya kusa shafar bakin jirgin.

Maganin wannan shi ne shata. Ka ɗauki jirgin gaba ɗaya, ku yi ciniki tun kuna tudu, ka faɗa masa a fili: "Baba, mu huɗu ne, ba a ƙara kowa, na biya kuɗin sauran wurin." Zai fi tsada, amma wannan ne kuɗin da ba na yarda a yi tsimi a kansa. Idan kun fi ƙarfin jirgi ɗaya, a yi sawu biyu. Kuma a lura da wanda zai tuƙa. Sau da yawa dattijon da kuka yi ciniki da shi zai miƙa filafili ga yaro ɗan shekara goma sha biyu ya koma gindin bishiya. Ka ce a'a cikin ladabi, da shi kuka yi magana.

Kafin ka sa ƙafa, leƙa cikin jirgin. Za ka ga inda aka yi faci da langalanga da ƙusa, aka shafe da kwalta, wani wurin an cusa tsumma a tsaga. Wannan ba abin tsoro ba ne, haka jiragen katako suke, kuma ɗan ruwa a ƙasa abu ne da aka saba. Abin dubawa shi ne ko ruwan na ƙaruwa alhali jirgin na tsaye ba kowa a ciki, da ko akwai ƙoƙo ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa. In babu abin kwarfa, a nemo kafin a tashi. Bayan kowa ya zauna, sa hannunka ka auna tsakanin bakin jirgi da ruwa. In bai kai taƙi guda ba, wani ya sauka.

Shiga ɗaya bayan ɗaya ake yi, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa. Babbar riga a bar ta a mota. Mata su tattare dogon hijabi su ɗaure, domin yadi in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa. Rigar kariya kowa ya sa, har da mai cewa ya iya ruwa. Ba kasafai za ka same ta wurin masunta ba, sai ka saya tun daga gari, kuma ta yara daban take da ta manya, in ta yi wa yaro yawa zamewa zai yi ta ƙasa. Jarka mai murfi da ba komai a ciki tana da amfani a ajiye a jirgi, amma ba ta maye gurbin rigar.

Sai hoto, wanda shi ne fitinar yanzu. Mutum ɗaya ya miƙe tsaye don ya ɗauki kansa, jirgi ya karkata, sauran su firgita su koma ɗaya gefen gaba ɗaya, shi ke nan. Tun a tudu ka kafa doka: ba mai miƙewa, ba mai sauya wuri, mai son hoto ya ɗauka a zaune. In Allah ya ƙaddara jirgin ya kife, a riƙe shi, domin na katako yawanci ba ya nutsewa ƙasa. Gaɓa tana yi wa ido kusa amma da nisa, ga sanyin ruwan hunturu mai ɗaure gaɓoɓi.

Da sassafe ake shiga, lokacin ruwa na kwance. Da hantsi ya ɗaga iska ke tasowa, musamman da hunturu, ta fara kaɗa igiyar ruwa tana marin gefen jirgi. Kafin sha ɗaya ku kasance kun fito. Ku bi gefe-gefe, babu abin da ke tsakiya da babu shi a gefe, hasali ma tsuntsaye da bado duk a gefe suke. A nisanci wajen da ruwa ke fita daga madatsa. Kuma a tuna cewa ƙarƙashin dam tsofaffin gonaki ne da itatuwa da ruwa ya cinye; akwai kututture da baƙo ba zai gani ba, dalili ke nan da ake son tsohon hannu a kan filafili.

In an fito lafiya, sauran duk daɗi ne. Mai son kamun kifi ya zo da fatsarsa, tana kuwa yaran gari za su tono masa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka tambayi masunta inda suka shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, don kada ka sarƙe musu kaya. Karfasa da tarwaɗa su aka fi samu, wani lokaci kurungu, mai ƙayar da ke huda hannu in ba a iya riƙonsa ba. Gaskiya dai baƙo ba ya kama abin kirki, kifin da za ku ci saye za ku yi, kuma lokacin sayen shi ne sanda jirage ke dawowa da safe, kafin 'yan sari su kwashe. Duba jan da ke ƙarƙashin kumatunsa da hasken idonsa. Ku zo da gawayi da wayar gashi da yaji da lemon tsami, karfasa kan garwashi ba ta buƙatar fiye da haka.

Mai haƙurin zama shiru zai ga zalɓe tsaye a ruwa maras zurfi, da balbela bayan shanun da aka kawo shayarwa, da garken kirinjijiya suna fito in sun tashi. Da hunturu akan ga baƙin tsuntsaye da suka tsallako hamada daga Turai. Kada a zo da lasifika, don Allah. Wanda ke son kiɗa ya zauna a gari. Kewayen gonakin rani ma yawo ne mai kyau, tumatir da albasa da latas a farashin bakin gona, sai dai a bi kunya, kada a taka wa mutane shuka.

Wanka a dam ban yarda da shi ba, ko ga gwanin iyo. Bayan kalli da ke iya naɗe ƙafa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon-koɗi da ke ruwa maras gudu, ta ratsa fata ba tare da mutum ya ji ba, kuma ta fi yawa a gefe, daidai inda yara ke son wasa. Ko alwala ma gara ka yi da ruwan jarkarka. In wani ya shiga, bayan makonni ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a je asibiti a faɗa musu an shiga ruwan dam. Akwai maganinta, praziquantel, amma a bari ma'aikacin lafiya ya auna.

Da an yi la'asar a fara haɗa kaya. A tattara leda da robar ruwa a tafi da su, shanu na ci su mutu. A sallami mai jirgi da wanda ya yi jagora, a leƙa a yi wa mai unguwa ban kwana, a karɓi lambar masuncin don wani zuwan. Kifin tsaraba in ba ƙanƙara a kula, a sayi banda. Magariba ta same ku kan kwalta, kusa da gida.