Yadda Za Ka Rubuta Soyayyar Samari Biyu Masu Girki a Gidan Abinci

Duk marubucin da ya yi niyyar ba da labarin samari biyu da suka kammala jami'a, aikin ofis ya gagare su, suka tsinci kansu suna girki a gidan abinci har soyayya ta ƙullu a tsakaninsu, ya kamata ya san kicin ɗin ciki da waje kafin ya taɓa zukatansu. A ganina nan ne irin waɗannan labarai suka fi yin rauni, domin sau da yawa ana jera tukwane a bayan masoyan don ado kawai, alhali aikin ne ya haɗa su, shi ne kuma zai iya raba su.

Ka fara da tsayar da ƙasar da labarin zai faru. Idan Amurka ce, Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi ɗaya a duk faɗin ƙasar ranar 26 ga Yuni, 2015, saboda haka fargabar samarinka ba ta ɗan sanda ba ce, ta iyaye ce da ta aljihu. Wanda ya ci bashin karatu na gwamnatin tarayya yakan samu wata 6 bayan kammalawa kafin a fara binsa, mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Waɗannan watanni shida sun ishe ka ka ɗora labarin a kansu, mai karatu yana ƙirga kwanaki tare da su. Idan kuwa Najeriya ka kawo su, inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan irin wannan aure, to wani labari ne dabam, wanda tsoro zai ratsa kowane shafinsa, kuma bai kamata ka cakuɗa su ba.

Daga nan sai ka koyi tsarin aikin. Manyan gidajen abinci har yau suna bin tsarin da Bafaranshen kuku Auguste Escoffier ya daidaita a otal ɗin Savoy na Landan a ƙarshen ƙarni na 19: babban kuku a sama, mataimakinsa na biye, sannan kowa da ɓangarensa, wani miya, wani gashi, wani kifi. Sabon shiga, ko da digirinsa a jaka, yankan albasa da ferayar dankali zai fara, ya yini a tsaye. Kafin a buɗe wa baƙi ƙofa ma'aikata sukan ci abinci tare, bayan haka babu mai sararin hira, sai ihun oda da kiran “Bayanka!” daga duk wanda zai wuce da tukunya mai zafi.

A cikin wannan matsi ne za ka shuka soyayyar, kuma ina roƙonka kada ka sa su yi ta jawabi. Bari ɗaya ya yanke yatsa, ɗayan ya ja katakon yankansa zuwa gabansa ya ƙarasa masa albasar ba tare da ya ɗago kai ba. Bari ya miƙa masa cokali ya ce, “Ɗanɗana, gishiri ya ji?” sai amsar ta ɗan jinkirta fiye da yadda gishiri ke bukata. Kalmar “bayanka” ma, wadda ake faɗa wa kowa sau ɗari a dare, wata rana za ta fito da wata irin murya, mai karatu kuma zai gane kafin su kansu su gane. Ɗakin sanyi da ake adana nama da ganye shi kaɗai ne wurin da mutum biyu za su keɓe na minti ɗaya, don haka kada ka yawaita shigar da su, ka adana shi don lokacin da magana ta zama dole.

Kowannensu ya kasance da burinsa da halinsa. Mai yiwuwa ɗaya ya gano cewa girki ne sana'ar rayuwarsa, ɗayan kuwa mahaifinsa na jiran ya bar kasko ya nemi aikin da ya karanta, bai ma san da wani saurayi ba. Kada ka mayar da su abin tausayi ko abin wa'azi. Mutane ne masu gajiya, masu kishi, masu tabon ƙuna a hannu. Idan kana neman rikicin tsakiyar labari, ka ƙara wa ɗaya girma ya zama mataimakin babban kuku, har ya kasance shi zai mayar wa masoyinsa farantin da bai yi kyau ba a gaban kowa.

Kafin ka rubuta babi na farko, ka nemi izini a wani gidan abinci ka tsaya a lungun kicin ɗinsu na dare ɗaya, ka lura da wanda ke wanke wuƙar wani bayan an tashi.