Yadda za ku haddace cututtukan ƙwaƙwalwar yara kafin jarrabawa

Ƙannena masu karatun likita a Garwa, shawarata ita ce kada ku bi littafi babi-babi. Ku fara da yaron da aka fi kawo mana da damina: jiki zafi rau, yana jijjiga, uwa ta ruɗe. A kansa nake ɗaure duk sauran karatun.

Ku raba takarda gida uku. Gidan farko jijjigar zazzaɓi: daga wata 6 zuwa shekara 5 take zuwa, kuma mai sauƙinta jiki duka take kamawa, ba ta kai minti 15, ba ta dawowa cikin awa 24, yaro ya farfaɗo sarai. In bai farfaɗo ba, ku koma gida na biyu, wato maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa. Nan ne nake so ku daɗe. Ma'aunin Blantyre, wanda ake auna zurfin sumar yaro da shi, daga 0 zuwa 5 yake, 2 ko ƙasa doguwar suma ce. Artesunate, maganin maleriya mai tsanani, ta jijiya miligiram 2.4 ne a kowane kilo na nauyin jiki, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo ake ba shi. Ku ja layi ƙarƙashin wannan bambancin. Gida na uku sanƙarau, mai tashi daga hunturu zuwa bazara. A jariri kada ku jira sandarewar wuya, ku taɓa maɗiga ku ji ko ta kumbura. Rigakafin MenAfriVac ya karya nau'in A na ƙwayar sanƙarau, bai taɓa pneumocoque ba, wato wata ƙwayar cuta daban da ita ma take kawo sanƙarau.

Matakan gaggawa da baki ake haddace su. Ni da abokina juna muke tambaya bayan isha'i: a kwantar da yaro ta gefe, a duba numfashi, a auna sukarin jini, in jijjiga ta wuce minti 5 a ba da diazepam, maganin tsayar da jijjiga, ta dubura, miligiram 0.5 a kowane kilo. Sukarin nan, don Allah, kada ku tsallake shi, ƙarancinsa kaɗai yana sa jijjiga.

Sauran ba su da nauyi sosai. Farfaɗiya ita ce jijjiga biyu ba zazzaɓi ba wani sanadi, da fiye da awa 24 a tsakaninsu. Yaron da ya kai wata 18 bai yi tafiya ba, ku tambayi uwa: ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi ciwon shawara? Shanyewar ƙafa farat ɗaya a ƙasa da shekara 15 kuwa dole a kai rahotonta saboda shan inna, a ɗauki bayan gidan yaron don gwaji sau biyu cikin kwana 14.

Kowane gida kuka gama, ku shiga ɗakin yara na asibiti, ku nemi izinin babban likita da na uwa, ku auna Blantyre da hannunku.