Yadda za ka gwada wasannin PS4 da na PS5 kafin ka sauya na'ura

Sony ta fito da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 4 (PS4) a watan Nuwamba na 2013, PS5 kuma ta biyo baya a Nuwamban 2020. Da yawa daga cikinmu kan sayar da tsohuwar da gaggawa, sai bayan kuɗi sun fita mutum ya ga wasannin da yake bugawa ba su canza ba. Abin yana ba ni takaici, domin lissafin ba wuya gare shi ba.

Da farko ka ɗauki takarda da biro ka rubuta wasannin da ka buga a wata shidan da suka wuce. Waɗanda ka buga da gaske nake nufi, ba waɗanda ka ajiye suna cin ƙura ba. A gidajen gem na unguwanninmu, ƙwallo ce ke cin kasuwa, kuma EA Sports FC 24 da FC 25 duk sun fito a PS4. In ƙwallo ce kaɗai abincinka, to tun daga nan ka fara samun amsa.

Na biyu, ka raba wasannin kashi uku. Akwai waɗanda suka fito a na'urorin biyu, kamar God of War Ragnarök da Horizon Forbidden West na 2022. Akwai na PS4 zalla, su kuma kusan dukkansu PS5 na karɓarsu. Sai kashi na uku, wanda shi ne zuciyar maganar: waɗanda PS4 ba ta iya ɗauka sam. Nan za ka sami Returnal da Ratchet & Clank: Rift Apart na 2021, Marvel's Spider-Man 2 na 2023, da Astro Bot na 2024. GTA VI ma an sanar da shi ne don PS5 da Xbox Series, babu PS4 a ciki. Ka ja layi ƙarƙashin duk wanda ranka ke so a wannan kashi. Guda nawa ne? Kuɗin da za ka kashe, su kake saya.

Na uku, ka dubi faifanka. Ta fuskar faifai, PS5 iri biyu ce, mai ramin faifai da kuma Digital Edition marar rami. In kana da tarin faifan PS4 ka sayo marar rami, sun zama kayan ado, in ba sabon samfurin da ake saya masa ramin daban a maƙala ba ne. Sai dai ka sauke komai ta intanet, ga tsadar data, ga ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Ma'ajiyar PS5 ta farko 825GB ce, manyan wasanni kaɗan ke cika ta.

Kada ka manta da abin bugawa. DualShock 4, wato abin bugawar PS4, na aiki a PS5, amma da wasannin PS4 kawai. Sababbin sai da DualSense, abin bugawar PS5. Mai gidan gem da ke da guda shida ya sa wannan a lissafinsa.

Daga ƙarshe, ka je wurin abokin da ke da PS5 ka buga wasa guda da ka sani ciki da waje. Ka lura da saurin buɗewa, domin a nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Kyan hoton kuwa, in talabijin ɗinka ba 4K ba ne, wato mai hoto tangaran sosai, kaɗan za ka gani daga cikinsa.