Yadda DPO zai gano inda aiki ke maƙalewa a caji ofis

Kada a auna ƙwazon caji ofis da yawan mutanen da aka kama. Duk abin da shugaba ya ce za a ƙirga, shi na ƙasa za su ƙara. An ga haka a New York bayan ɓullo da CompStat, tsarin auna aikin 'yan sanda da alƙaluman laifuka, a 1994, inda daga baya aka zargi wasu ofisoshi da mayar da manyan laifuka ƙanana don lissafi ya yi kyau. Abin aunawa shi ne tafiyar ƙorafi daga kanta, wato teburin karɓar ƙorafi, zuwa kotu.

A fara da littafin kanta na wata uku. A ware ƙorafe-ƙorafen da suke sabbi daga mutanen da suka dawo tambayar inda maganarsu ta kwana. Rukuni na biyu aiki ne da jinkirin ofis ya haifar, kuma yana cin lokacin ɗan sanda mai bincike. A ware rigimar bashi da ta ciniki ma, domin sashe na 8 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuka, ya hana kama mutum a kansu.

Sai a ɗauki fayil 20, a rubuta kwanakin da kowanne ya yi a kowane hannu. Galibi bincike bai daɗe ba, jira ne ya daɗe: jiran rahoton likita, jiran shawarar ma'aikatar shari'a, ko an yi wa mai binciken canjin wuri ba tare da ya miƙa fayil ba. Ƙara kame a wannan hali cika sel kawai zai yi, alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Man fetur da mota su ma a bi su da hujja. Gwajin da 'yan sandan Kansas City a Amurka suka yi daga 1972 zuwa 1973 ya nuna yawon sintiri barkatai bai rage laifi ba, kuma a birnin Minneapolis na Amurka an gano kusan rabin kiran 'yan sanda daga kashi 3 cikin 100 na adireshi yake fitowa. A sa wuraren da ƙorafi ya fi yawa a taswira tare da lokutansu, a tura motar can, a riƙa rubuta litar da aka sha da kilomitar da aka yi. Bayan wata guda a sake duba taswirar, har da unguwannin da ke maƙwabtaka, ko ɓarayin can suka koma.